Randunan Malam Gwadabe

Asabar, 6 ga Janairu, 1996

Yau mun kunna. Shekara sha ɗaya ina zana wa yara batir a allo a makarantarmu ta Karaye, yau ne karo na farko da abin da na zana ya yi ƙara.

Bari in ajiye yadda abin yake, don ni mai mantuwa ne. Farantan solar da aka sa a rufin ƙaramin asibitin Zoza lafiyarsu lau, batiran da suka zo da su ne zafi ya kashe tun shekara biyu da suka wuce. Da rana firjin allurar rigakafi na aiki, rana na faɗuwa sai ya mutu, don babu inda wutar za ta kwana. Saude, ma'aikaciyar lafiyar da ke riƙe da wurin, sai ta aika Rogo a ɗauko allura a akwatin ƙanƙara, abin da ya rage a zubar.

Nawa batirin durom biyu ne na roba. Ɗaya ruwan ƙarfe ne mai launin shayi, ɗaya ruwan kurom ne kore, irin garin da majeman Kano ke aiki da shi. Ƙananan famfo biyu ke tura su cikin akwati mai ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da tantani a tsakiya da ke hana ruwan biyu haɗuwa. A mujalla na gan shi, batir mai gudana suke ce masa. Wutar a cikin ruwan take kwana, ba a cikin dalma ba. Tantanin kaɗai ne ba a samu a nan, tsohon malamina na jami'a ya zo mini da shi daga waje.

Barau ne ya ja waya. Abokina tun ajin farko, mai cajin batir a bakin kasuwar Rogo. Ya leƙa durom ya ce, "Gwadabe, wannan ai kunun kanwa ka dama." Na ce ya bari ya huce in zuba masa.

Asabar, 13 ga Janairu

Kwana bakwai firji bai mutu ba. Saude ta nuna mini ma'aunin sanyi, digiri huɗu daidai. Ta ce takwas ne iyaka, in ya wuce allura ta lalace. Mitar awon wutar batir tana ɗan rawa, yau sha biyu da ɗigo tara, an jima sha ɗaya da ɗigo takwas, amma tana riƙe.

Mutanen gari sun sa masa suna, wai randunan Malam. Na yi kamar ban ji daɗi ba.

Asabar, 20 ga Janairu

Mita ta daina rawa. Sha biyu da shida, a tsaye cak, safe da yamma, haka Saude ta rubuta mini kusan duk satin. Na ce wa Barau batir ya zauna da gindinsa. Ya ce alhamdu lillahi, yana ta goge filaya da gefen riga.

Launin ruwan duroman ya fara kusantar juna. Na karanta cewa ko sun ɗan gauraya ba wani laifi ba ne, don haka ban sa wa raina ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Azumi goma sha uku. Babur daga Karaye zuwa Zoza da bakin azumi ba wasa ba ne. Sha biyu da shida.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Injiniya Lukumanu ya zo daga Kano, daga ofishin da ya sa farantan. Dogo, mai ƙaramar murya, komai sai ya taɓa da hannunsa. Ya ce damuwarsu ɗaya ce: samun wuta daga rana ba wuya, ajiye ta ne ke cinye kuɗi. Asibiti goma sha huɗu suke da su a yammacin nan, duk batiransu sun mutu ko suna hanya.

Na buɗe baki, ni ma ban san na iya zuba haka ba. Na ce masa batirin dalma in kana son ajiya ninki biyu sai ka sayi biyu, ninki ɗari sai ka sayi ɗari, kuma bayan shekara biyu ka sake sayensu gaba ɗaya. Wannan kuwa akwatin da famfon ne masu tsada, sau ɗaya. In kana son ƙarin ajiya durom za ka ƙara, ruwa za ka dama. Har na kai shi bakin madatsar Challawa da baki, na gina masa tankuna kamar rumbuna masu riƙe wa Karaye wuta har gari ya waye. Ya yi dariya ya ce, "Malam Gwadabe, mu fara da firji."

Ya ce in rubuto masa rahoto da awon kowane sati. Da za su tafi na nemi Barau ya zo a gaisa, aka ce ya zaga. Saude ma ta shige ɗakin haihuwa ba ta fito ba, kuma ban ji kukan jariri ba.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Na aika rahoto. Shafi tara, na sa hannu a ƙasa. Yelwa ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na sa babbar riga don zuwa gidan waya ba.

Asabar, 9 ga Maris

Sanƙarau ya shigo. An binne yara biyu a Ruwan Bago, a Zoza ana kwance. An kawo allurar mutum ɗari shida, duk tana cikin firjin nan. Mata sun cika inuwar dalbejiya tun safe.

Ina duba famfo Saude ta tsaya a kaina. "Malam, ko a kashe su yau su ɗan huta?" Na yi dariya, na yi mata bayani kamar 'yar aji ɗaya cewa in famfo ya tsaya ruwa ya tsaya, in ruwa ya tsaya babu wuta. Ta ce to. Ta kalli Barau, Barau ya kalli rufi.

Na dawo gida ina jin kaina wani babba. Allurar mutum ɗari shida a hannun randunana.

Asabar, 23 ga Maris

Jarrabawa. Sati biyu ban leƙa Zoza ba, takardun yara sun kai mini wuya.

Laraba, 27 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

An tashe mu daga makaranta da wuri, na ce bari in leƙa Zoza tun da na kwana biyu ban je ba. Ban aika cewa ina zuwa ba. Duk zuwana Asabar ne, kowa ya sani. Na jingine babur a bayan asibiti, na shiga ɗakin duroman ta ƙofar baya. Shiru. Ban taɓa shiga ɗakin nan na ji shiru ba. Famfo biyu a tsaye. Na ce ko fis ne, na durƙusa. Sai ga gidan zanzaro a kan sandar da ke juya famfon, ginanne, ya bushe ƙayau, har da ɗaki uku. Zanzaro ba ya gini a kan abin da ke juyawa. Sandar nan ta yi kwana da kwanaki ba ta motsa ba.

Na leƙa firji. Huɗu. Na duba takardar Saude da ke manne a bango, kowace safiya huɗu, kowace safiya sha biyu da shida. To wa ke riƙe shi da dare?

Na bi waya da hannu. Tawa ja ce, ta fito daga akwatina ta shiga bango, a nan ta ƙare, an naɗe bakinta da tef. Wata baƙa ce ta ɗauka daga nan, ta bi ƙasan tabarma ta shiga ɗakin ajiya. Na ɗaga buhunan da ke kusurwa. Batirin babbar mota biyu, an goge su tas, an shafa wa kawunansu man giris. A jikin kowanne an rubuta B da farin fenti. Na san rubutun, shekara talatin ina ganinsa.

Sha biyu da shida. Duk yaron da na koya wa ya san wannan awon cikakken batirin dalma ne. Ni ne na zauna na kwafe shi sati bayan sati, na sa hannu.

Saude ta same ni a tsugune. Ba ta yi musu ba. Ta ce tun farko-farko abin ya tsaya, ta aika wa Barau, ya kawo nasa na shago. Na ce to famfon da nake samu yana juyawa fa? Ta ce ranar Asabar in an hango ƙurar babur ɗina daga kan kwalbati sai a kunna. Da wace wuta? Da wutar batiran Barau. Wato duk Asabar da na zo ina taƙama, randunana wutar firji suke sha. Shi ya sa ta roƙe ni su huta ranar da allura ta cika.

Na ce me ya hana ki gaya mini? Ta ce, "Malam, kai ka koyar da yayana. Da wane bakin zan ce maka aikinka ya mutu?"

Na fito ban yi sallama ba. Mai unguwa na zaune a ƙofar masallaci, ya ɗaga hannu: "Malam mai randa, ya aiki?" Na kalli fuskarsa na gane shi ma ya sani.

Alhamis, 28 ga Maris

Na gaya wa Yelwa. Ba ta ajiye tsintsiya ba. A nan na gane.

Matar Barau ta gaya mata tun ranar sunan da aka yi a Tudun Kaya, kafin azumi. Ita ce ta goge mini babbar rigar da na je gidan waya da ita. Na ce kin kalle ni na fita da ƙarya a aljihu? Ta ce, "Malam, shekara nawa ban ga kana cin tuwo kana dariya ba. Na ce a bar ka ka ɗan sha iska." Na ce ai kuwa na sha.

Da sata suka yi mini da na san abin da zan kira shi. Gari guda, da matata, sun taru sun lallaɓa ni kamar mai taɓin hankali da aka ba wa sitiyarin motar da babu inji.

Asabar, 30 ga Maris

Ban je ba. Barau ya zo Karaye da hantsi, na bar shi a zaure har shayin da aka kai masa ya huce kafin na fito. Ban zauna ba.

Ya ce ya yi niyyar faɗa mini Asabar ɗin farko, sai ya tarar ina cewa batir ya zauna da gindinsa. Ya ce ya bari sai wani sati. Wani satin azumi. Daga nan injiniya. "Kullum in na buɗe baki sai in ga fuskarka, Gwadabe." Na ce fuskata ka duba, sunana fa? Ranar da baƙon nan ya zo kana ina? Ya ce yana bayan gida yana addu'ar kada mutumin ya ɗaga tabarma.

Na ce da ka mare ni a tsakiyar kasuwar Rogo ya fi mini. Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in an je a duba ruwan batiran, na hagu yana shan ruwa da zafin nan. Ko kunya.

Litinin, 1 ga Afrilu

Wasiƙar Injiniya Lukumanu. Sun karanta rahoto, sun yaba. Kuɗin da aka ware don saya wa asibitoci goma sha huɗu sababbin batiran dalma an tsayar da shi, za a yi musu irin randunana, tun da awona ya nuna sati bakwai ba tangarɗa. Zai zo ranar sha takwas ga wata da manyansa da mai hoto.

Na karanta sau huɗu. Firji goma sha huɗu, a tsakiyar sanƙarau, kuma Barau ɗaya ne, batiransa biyu.

Laraba, 3 ga Afrilu

Abin da ba zan gaya wa kowa ba: na yi tunanin in yi shiru. Wa zai tona? Ba Saude ba, ba mai unguwa ba. Mutanen da suka rufe ni wata biyu za su rufe ni rana ɗaya, har da guɗa. A share gidan zanzaro, a kunna famfo, a ɗauki hoto. Kafin a gina sauran ƙila na gano inda ya lalace.

Na tsani kunyar da suka ji mini, ga ni yau ina lissafin yadda zan ci moriyarta. Na ba 'yan aji biyar aikin da ban duba ba na fito.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na ce sai na gani da idona. Na je da sabon ruwa jarka huɗu, na zubar da tsohon a rami, na wanke akwati, na toshe inda ya tsatsa. Na bar farantai suka cika shi tun safe har azahar.

Na ce wa Saude zan cire batiran Barau in cire sola, ya zama kamar dare, randuna su riƙe firji su kaɗai. Ta kwashe rabin allura zuwa akwatin ƙanƙara, rabin babu wurin sa shi. Ta ce, "Takwas, Malam. In ya taɓa takwas ni da kaina zan fizge wayar, ka yi fushi da ni har abada." Yau ba ta ji kunyata ba, kuma na fi son haka.

Ƙarfe biyu da minti goma na haɗa jar waya. Sha biyu. Firji ya ɗauka, zuciyata ta ɗauka tare da shi. Biyu da rabi, goma da rabi. Ruwan kore ya fara kumfa. Uku saura kwata, tara, injin firji ya yi tari sau biyu ya tsaya. Famfo suna ta juyawa a hankali, suna cin ɗan abin da ya rage. Ma'aunin sanyi biyar. Shida. A waje wata mata na rarrashin yaro mai kuka, ana jiran a buɗe. Na ce wa kaina bari in ƙara minti biyar, ƙila ya farfaɗo. Bakwai.

Saude ta taso. Na riga ta. Ni na cire jar waya, ni na mayar da baƙar a kan batirin Barau, na ɗaure da sifana. Firji ya tashi nan take, ko jinkiri babu. Ta buɗe ƙofa ta kira ta farko a layi.

Kafin in tafi na yanke wayar famfon gaba ɗaya. Asabar mai zuwa ba sai an tsaya hangen babur ɗin kowa ba.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na rubuta wa Injiniya. Shafi ɗaya. Na ce awon da ke rahotona na batirin babbar mota ne, ban sani ba amma ya kamata in sani, kuma ni na sa hannu. Na ce a saki kuɗin batiran asibitocin nan cikin gaggawa, kada a jira ni. Na ce maganar ƙara durom maimakon ƙara batir har yanzu ina ganin gaskiya ce, amma ba ni na tabbatar da ita ba. Ban ambaci sunan Barau ko Saude ba, ba don sun cancanta ba.

Na tsaya a kan layi ɗaya na kasa cikawa: daga wace rana awon ya zama na ƙarya. Ban sani ba. Saude ta ce farko-farko. Ƙila tun daren farko. Ƙila bai taɓa riƙe komai ba, shekara uku na yi ina dama kunu. Na rubuta "ban tabbatar ba", na liƙe. Da rigar makaranta na je gidan waya.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Labari ya iso ɗakin malamai. Wani ya tambaye ni ko randa ta fashe. Na ce ta fashe. Yelwa na ta dafa abin da na fi so, ina ci, ba na magana.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na je Zoza, don batirin Barau na hagun nan da gaske yana shan ruwa. Na ƙara masa. Huɗu, sha biyu da shida. Na rubuta a takardar bango, na sa sunan mai batir a sama.

A hanyar dawowa na bi ta Rogo. Ba wajen Barau na je ba, ruwan batir nake nema, kuma duk garin shi ke da mai kyau. Shagon ya yi fili, inda manyan batiran nan biyu suke zama babu komai sai shatinsu a ƙasa. Masu kawo cajin rediyo da talabijin rabinsu sun koma wajen wani, maƙwabcinsa ne ya gaya mini, ba shi ba. Ya turo mini benci da ƙafa. Na zauna a ƙarshensa.

Ya cika mini kwalba. Na biya, ya karɓa, da ya ƙi da na tashi. Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne.

Na ce wace rana ce batirina ya mutu.

Ya ce Litinin, sha biyar ga Janairu, bayan la'asar Saude ta aiko. Na ce kafin nan fa, wa ke riƙe firjin? Ya ce babu kowa. Na ce Barau, kada ka duba fuskata. Ya juya mini baya, ya fuskanci bango kamar yaron da aka hukunta, ya ce, "Ga shi ba na ganinta. Kwana tara, Gwadabe. Randunanka su kaɗai. Na je da kaina dare uku ina jiran su mutu, suka ƙi."

Ban ce na yafe ba, kuma bai tambaya ba. Na ce masa tantanin nake zargi, ina so in buɗe akwatin ɗaki-ɗaki in gani, amma sukurorin sun yi tsatsa. Ya ce yana da abin kwance su. Na ce ban ce ya zo ba. Ya ce ya ji.

Gobe zan sake rubuta wa Injiniya layi ɗaya. Kwana tara.